Sauya wa Jijiya Hanya: Tiyatar Farfaɗo da Hannu

Jijiyoyin saƙo su ne ke ɗauko umarni daga ƙwaƙwalwa, ta cikin laka, zuwa ga tsoka. Biyu daga cikinsu suna ratsa wuyan hannu ta ɓangaren tafi, wato jijiyar tsakiya da jijiyar ulna. Kasancewarsu kusa da fata ya sa yankan wuƙa ko na gilashi kan tsinka su. In ta tsakiya ce ta tsinke, babban yatsa ba ya iya haɗuwa da sauran yatsu. In kuwa ta ulna ce, ƙaramin yatsa da na kusa da shi sukan ƙanƙance.

A shekarar 1850 masanin Ingila Augustus Waller ya nuna cewa ɓangaren jijiyar da ya rabu da tushensa lalacewa yake yi. Ɓangaren da ke haɗe da laka kuwa yakan sake tsiro, amma sannu a hankali, kimanin milimita 1 a kowace rana. Ita kuma tsoka ba ta jira har abada. In ta yi wata 12 zuwa 18 ba saƙo, takan tsotse, kuma ko jijiya ta iso daga baya ba za ta amsa ba.

Abin da likita kan fara yi shi ne ɗinke bakunan jijiyar biyu a ƙarƙashin madubin ƙara girma, da zaren da ya fi gashi siranta. In akwai giɓi, akan ciro wata jijiya daga bayan ƙwauri a cike shi. In kuwa tushen ya lalace ainun, ko lokaci ya kusa ƙurewa, sai a yanko wani reshe mai lafiya wanda za a iya jure rashinsa, a jona shi da jijiyar da ta mutu dab da tsokar. Misali, akan ɗauki reshen ulna da ke ware ƙaramin yatsa, a ba tsokar babban yatsa. Tafiya ta gajarta ke nan. Wannan dabara ta bazu ƙwarai bayan 1994, lokacin da likitan Faransa Christophe Oberlin ya bayyana yadda ya farfaɗo da tsokar damtse da ita.

Bayan tiyata sai atisaye na watanni, domin ƙwaƙwalwa ta koyi sabuwar hanyar. Saboda haka, duk wanda ya yanke a wuyan hannu, ya ji yatsunsa sun mutu ko sun ƙi motsi, kada ya tsaya ga warkewar fata. Ya gaggauta ganin likitan tiyata tun tsoka tana da rai.