Shekarun Taya: Darasi ga Sabon Direba

Sabon direba idan ya je sayen taya, zanenta yake fara dubawa, sannan kyawun wili. A ganina shekarunta ne ya kamata ya fara tambaya.

Asalin roba ƙaro ne na wata itaciya ta dazuzzukan Amazon. A 1839 Charles Goodyear ya gano cewa idan aka dafa ta da farar wuta takan yi ƙwari. To amma iskar oksijin da zafin rana ba sa ƙyale ta. Sannu a hankali takan bushe ta tsattsage, ko da a shago take ajiye.

Dubi gefen tayar, inda aka rubuta DOT. Lambobi huɗu na ƙarshe su ne haihuwarta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Wadda ta haura shekara 6 abar tuhuma ce, komai kyan zanenta.

A watan Afrilu, kan hanyar Kalgo zuwa Jega, zafi yakan wuce digiri 40. Tsohuwar tayar gwanjo mai ƙarancin iska tana ta lanƙwashewa, ta ɗauki zafi, ta fashe ana cikin gudu. Saboda haka auna iska da sassafe, bisa adadin da kamfanin motar ya rubuta a bakin ƙofar direba, ba yadda mai faci ya kintata ba.