Darasi: Sababbin Cututtuka da Bakin Ɗan Adam

A ƙarshen shekarar 2019 cutar korona ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin. Cikin 'yan watanni ta game duniya. Tana bin numfashi da feshin yawu, in mutum ya yi tari ko atishawa. Da yawa daga waɗanda ta kama sun daina jin ɗanɗanon abinci.

Ƙyandar biri ma ta sake tasowa a Najeriya a 2017, ta bazu ƙasashe da dama a 2022. Ƙurajenta kan fito a jiki, su kuma fito a harshe da maƙogwaro, har cin abinci ya gagara.

Ƙananan ƙwayoyin cuta ne ke kawo su, waɗanda ido ba ya gani. Sau da yawa baki ne ke fara tona asirinsu. Saboda haka ku saba da duba bakin yaranku.

Ku ɗauki baƙon dauro. Kafin ƙuraje su feso a jiki, wasu fararen ɗigo-ɗigo kan bayyana a cikin kunci. Bayan ciwon ya lafa, jikin yaro ya yi rauni, musamman in ba ya samun abinci mai gina jiki. A nan ne haɗari yake. Dasashi ya kumbura, ya fara jini, baki ya yi wari. In aka yi sakaci, ciwon noma na iya shiga, ya cinye leɓe da kunci cikin kwanaki kaɗan. Abin tausayi ne ƙwarai, domin in an kai yaro asibiti da wuri magani na tsayar da shi. A Sakkwato akwai asibiti na musamman da ke yi wa irin waɗannan yara aiki. Allurar rigakafin baƙon dauro kuwa kyauta ake yin ta.

Akwai kuma ciwon hanta da cutar ƙanjamau, masu bin jini. Kada mutum biyu su haɗa buroshi ko asuwaki ɗaya. Kada a yarda a cire haƙori ko beli da ƙarfen da aka yi wa wani aiki da shi ba a dafa shi ba. Gyambon baki da ya wuce mako biyu bai warke ba, ko farin abu da ya rufe harshe, a kai wa ma'aikacin lafiya ya duba.