Zaɓen Injin Walda: Abin Da Mai Shago Zai Auna Kafin Ya Zuba Jari

Duk inda ake gini a Nijeriya akwai aikin mai walda. Ƙofofi da ƙarafan taga, da ƙafafun tankin ruwa, da rumfunan kasuwa, da amalanke, duka ta hannunsa suke bi. Saboda haka 'yan kasuwa da dama, tun daga Agege a Legas da Sabo a Ibadan har zuwa Dei-Dei a Abuja, suke sayen injin walda, ko dai domin buɗe wa 'ya'yansu shago ko kuma domin rage kuɗin gyare-gyaren da suke kashewa a kamfanoninsu. Sai dai da yawa daga cikinsu lambar da aka rubuta a jikin injin suke saye, alhali abubuwan da ya kamata su yanke hukunci biyu ne: irin wutar da shagon yake samu, da kaurin ƙarfen da za a riƙa haɗawa.

Waldar da ta fi yaɗuwa a ƙasar nan ita ce ta sanda, inda wutar lantarki ke tsallakawa daga bakin sandar walda zuwa ƙarfen aiki, ta narkar da su su haɗe. Injinanta iri biyu ne. Na farko shi ne mai taransifoma, wanda masu naɗin waya suke ƙerawa a cikin gida, a wurare irin su Panteka a Kaduna. Yana da nauyi, yana jure duka da ƙura, kuma idan ya ƙone duk wani mai naɗi zai iya tayar da shi. Na biyu shi ne inbata, wanda ake shigo da shi daga waje, galibi daga ƙasar Sin. Mutum ɗaya zai rataya shi a kafaɗa ya hau bene da shi, wutarsa ba ta rawa, kuma sandar ba ta yawan manne wa ƙarfe, abin da ke sauƙaƙa wa ɗan koyo. Rauninsa yana cikin allon lantarkin da ke cikinsa, wanda ƙura da danshi da hauhawar wuta suke kashewa, kuma ba kowane gari ne yake da mai gyara shi ba.

Girman injin da ake bukata daga sandar walda ake gane shi. A kasuwannin Nijeriya ana sayar da sanda da geji. Geji 12 tana da kaurin milimita 2.5, kuma tana aiki da wutar da ke tsakanin amfiya 60 zuwa 90. Geji 10, mai milimita 3.2, tana bukatar kimanin 90 zuwa 130. Geji 8, mai milimita 4, tana kai wa 180. Mafi yawan aikin ƙofa da taga da kujeru da geji 12 da geji 10 ake yin sa. Ke nan injin da zai ba da amfiya 160 na gaskiya ya wadatar da ƙaramin shago, wanda zai ba da 200 kuwa ya bar wa mai shi sarari. Mai sayen injin amfiya 400 domin ƙarafan taga ya sayi raƙumi ne domin ɗaukar kwando.

Kalmar "na gaskiya" tana da muhimmanci a nan, domin ƙananan injina masu araha sukan zo da manyan lambobin da ba za su iya cikawa ba. Hanyar gane su ita ce karanta ɗan allon bayanan da ke manne a baya ko a ƙarƙashin injin. A kan allon akwai layin da aka yi wa alama da harafin X, wanda ke nuna juriyar aiki. Ana auna ta a cikin minti 10. Idan an rubuta kashi 60 cikin 100 a kan amfiya 160, ma'anarsa injin zai yi walda minti 6 ya huta minti 4. Idan kuwa kashi 20 aka rubuta, minti 2 kacal zai yi ya bukaci hutun minti 8. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta tanadi a yi wannan awo cikin zafin digiri 40, wanda bai yi nisa ba da abin da ake gani a rumfar kwano a watan Afrilu. Injin da babu wannan allo a jikinsa, ko wanda aka rubuta babbar lamba ba tare da juriyar aiki ba, abin a yi taka-tsantsan da shi ne.

Shi ma na gida yana da nasa abin dubawa. Wasu masu naɗi suna amfani da wayar alminiyam maimakon ta jan ƙarfe saboda tsada. Alminiyam yana ɗaukar kimanin kashi 61 cikin 100 ne na wutar da jan ƙarfe mai kauri ɗaya zai ɗauka, saboda haka in ba a ƙara kaurin wayar ba, injin zai riƙa zafi da wuri. Ba laifi ba ne a sayi na alminiyam, muddin a farashinsa aka saya. Kankare ƙarshen wayar kaɗan ya isa ya nuna launinta.

Inda lissafin ya fi shafar aljihu shi ne batun wuta. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuma hukumar kula da farashin wutar lantarki ta ɗaga kuɗin rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit a watan Afrilun 2024, kuɗin wuta ya shiga sahun manyan ɗawainiyoyin mai walda. A misali, sanda geji 10 da ke aiki da amfiya 120 tana cin kimanin kilowat 3 a bakin walda. Inbata mai kyau, wanda ke isar da kusan kashi 85 cikin 100 na abin da ya ja, zai ɗauki kilowat 3.5 daga bango. Mai taransifoma da ke isar da kusan kashi biyu cikin uku zai ɗauki kimanin 4.6. Idan jimillar lokacin walda a rana awa 3 ce, bambancin ya haura yunit 3 a kullum, wato wajen yunit 85 a cikin kwanakin aiki 26. A farashin nan na 2024, wannan ya kai kimanin naira 19,000 a wata, ba tare da an lissafa wutar da taransifoma ke sha ba yayin da yake kunne babu aiki.

Akwai kuma maganar maƙwabta. Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce, kuma injin taransifoma yakan fizge ta da ƙarfi duk lokacin da sanda ta taɓa ƙarfe, har fitilun layin su dusashe. Rigingimu da yawa tsakanin masu walda da jama'ar unguwa daga nan suke tasowa. Shagon da ke da babban aiki gara ya nemi layi mai fuska uku daga kamfanin rarraba wuta, da mitarsa ta kansa. Ɗaura waya a kan turke ba bisa ƙa'ida ba laifi ne a doka, kuma tarar da ke biyo baya tana iya cinye ribar watanni.

Wanda zai dogara da janareta kuwa, ƙaramin nan na kunna fitila da fanka ba ya cikin lissafi. Inbata mai amfiya 160 yana bukatar janaretan da ya kai kVA 6 zuwa 7, mai na'urar daidaita wuta da ake rubuta AVR a jikinsa, domin tsallen wuta a lokacin da aka ɗaga sanda shi ne yake ƙona allon injin. Mai aikin ƙauye ko na gefen hanya ya fi dacewa da injin dizal wanda aka haɗa janareta da walda wuri ɗaya.

Sauran nau'o'in walda na masu aiki na musamman ne. Waldar gas, wadda masu gyaran jikin mota suka saba da ita, tana bukatar na'urar hana wuta komawa cikin tulu. MIG tana da sauri a kan siraran ƙarafa, TIG kuma ita ce ta alminiyam da ƙarfen da ba ya tsatsa, amma dukansu suna cin iskar gas ta kwalba, wadda sai an tabbatar ana samun ta a garin kafin a sayi injin.

A cikin kasafin sayen inji dole ne a ware kuɗin kayan kariya. Baƙin tabarau na kasuwa ba ya tare hasken walda. Abin da ake bukata shi ne garkuwar fuska mai gilashi lamba 10 zuwa 12, da safar hannu ta fata. Hasken yana ƙona fatar ido, kuma zafin ba ya bayyana sai bayan awa 6 zuwa 12, shi ya sa ɗan koyo yakan tashi cikin dare kamar an zuba masa yashi a ido. A shekarar 2017 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin walda cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar. Madarar da masu walda suke sha bayan aiki abinci ce mai kyau, amma ba ta wanke huhu. Rumfa mai shan iska ce kariya. Durom ko tankin da ya taɓa ɗaukar fetur kuwa ba a kai masa wuta don kawai an zubar da abin da ke ciki, domin tururin da ya rage shi ne yake fashewa.

A ranar ciniki, mai saye ya tafi da mai waldar da zai riƙe injin, da guntun ƙarfe, da sanda geji 10 kamar guda biyar. A ƙona su ɗaya bayan ɗaya ba tare da hutu ba. Idan fitilar zafi ta kama kafin a gama, ko wutar ta riƙa yankewa, an ga iyakar injin tun kuɗi yana aljihu. A duba wayoyin da suka zo da shi, domin sau da yawa sirara ne, kuma aikin amfiya 160 yana son waya mai kaurin milimita 25 na murabba'i. Daga nan a tambayi dillali tsawon garanti da sunan wanda yake gyara irin injin a garin, a kuma rubuta lambar injin a kan rasit.