Yadda Hankalin Yaro Ke Girma

Ya ku iyaye da malamai, kafin a ce yaro daƙiƙi ne, wajibi ne a san yadda hankalinsa ke girma. Masana biyu sun yi fice a kan wannan al'amari.

Na farko shi ne Jean Piaget na ƙasar Suwizalan (1896-1980). Ya kasa girman hankali mataki huɗu: daga haihuwa zuwa shekara 2, daga 2 zuwa 7, daga 7 zuwa 11, sa'an nan daga 11 zuwa sama. Ya lura cewa idan aka juye ruwa daga faffaɗan kofi zuwa dogo siriri, ɗan shekara 5 yakan ce ruwan ya ƙaru. Wannan ba daƙiƙanci ba ne, lokacinsa ne bai yi ba.

Na biyu, Lev Vygotsky na Rasha (1896-1934), ya ce ba a zauna jiran lokaci ba. Yaro yana ƙaruwa ta hanyar magana da taimakon wanda ya fi shi sani.

To, wa ke da gaskiya? Bincike na baya ya nuna cewa idan aka sauƙaƙa tambaya, yara da yawa kan amsa daidai tun ba su kai 7 ba. Ashe matakan Piaget jagora ne, ba doka ba. Shi kuwa Vygotsky bai fayyace iyakar taimakon da ya dace ba.

Saboda haka a fara wa yaro lissafi da tsakuwa kafin alli. A taimake shi, sa'an nan a sakar masa aikin sannu a hankali. Bulala ba ta nunar da hankali.