Amanar Wakili Kafin Rabon Gado

Bismillahir Rahmanir Rahim. Ya ɗan'uwa, idan mutum ya rasu a Matameye ya bar garkar rake, buhunan gyaɗa da kuɗi, dangi suka naɗa ka wakili, to amana ce ka ɗauka, nauyinta yana wuyanka.

Shaihu Halilu ya jera tsarin a Muhtasar: a fara da haƙƙin da ya rataya a kan dukiyar, kamar jingina, sai kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba, sannan magada.

Saboda haka idan magaji ya nemi jika 50 daga rabonsa kafin alƙali ya tabbatar da rabon, kada kara ta rinjaye ka, domin watakila masu bin bashi suna tafe. Idan lalura ce, ka rubuta adadin da ranar gaban shaidu biyu, a cire masa ranar rabo. Kada ka cuɗa kuɗin da naka, kada ka ranta wa kanka jari.

Ka tuna aya ta 10 ta Suratun Nisa'i. Yawan wuridi ba ya wanke haƙƙin maraya. Allah Ya sa mu sauke amana.