Kafin ka sayo wa Inna waya

Ɗana, na ji kana shirin sayo wa Inna sabuwar waya. Allah ya yi maka albarka. Amma zauna tukuna, kafin ka nufi kasuwar waya ta Farm Centre.

Ku yara, kyamara da ƙyalli kuke dubawa. Ba laifi. Sai dai wayar nan a hannunta za ta zauna, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutum in ya haura shekara 40, ƙananan rubutu kan fara yi masa dishi-dishi. Yatsun da suka sha surfe da wanki kuwa sun yi kanta, ba kullum gilashin waya yake jin taɓawarsu ba.

Ka tuna Nokia 1100 da ta fito a 2003? An sayar da sama da miliyan 200. Ga tocila a ka, ga maɓallan roba masu tare ƙura, caji ɗaya ya kwana ya wuni. In ka samu wayar maɓalli, shafa lamba 5, za ka ji ɗan tudu. Da gangan aka sa shi, don makaho ko mai lalube cikin duhu ya san inda yatsansa yake.

Masu ƙera kaya na ƙwarai sukan miƙa wa mutum na'ura, su ja bakinsu su yi kallo. Kai ma yi haka. Aro irin wayar, ka ce, "Inna, kira mini Yaya." Kada ka nuna mata komai. Ta gane inda ake amsa kira? Tana jin ƙarar in ana daka a tsakar gida? Rubutun yana fitowa a rana? In ta danna ba daidai ba, akwai hanyar komawa, ko kuɗin katinta ya tafi ke nan?

In ta kasa, kada ka yi tsaki. Wani masani Ba'amurke, Don Norman, ya yi littafi a 1988 yana nuna cewa in mutane suna ta kuskure da na'ura, ƙirar ce da laifi. Inna ba za ta ce haka ba, ka san ta da kara. Cewa za ta yi kanta ne ba ya ja. Ta naɗe wayar a ƙyalle, ta tura ƙarƙashin filo. Kai kana can kana ta kira ba a ɗauka, hankalinka a tashe.

Wayar da ta karɓi hannunta, ita za ka saya. Ka ƙara girman rubutun, ka sa wa kowace lamba hoton mai ita. Tsohuwar wayar kuma ka bar mata kusa, har sai ta saba.