SHUƊIYAR ƘAGUWA DA RAYUWARTA A MAHAƊAR KOGI DA TEKU

Ɗalibai da yawa sun san ƙaguwar rafi, wadda takan ɓuya a ƙarƙashin dutse. Darasinmu a kan wata 'yar'uwarta ne da ke zaune a gabashin nahiyar Amurka, daga Kanada har Ajantina. Ana kiranta shuɗiyar ƙaguwa saboda launin ƙafafunta. A 1896 wata masaniya Ba'amurkiya, Mary Rathbun, ta raɗa mata sunan kimiyya Callinectes sapidus, wato kyakkyawa mai iyo, mai daɗin ci. Tana da dangi a gaɓar Afirka ta Yamma, Callinectes amnicola, wadda masunta ke kamawa a ruwan Legas.

Mazauninta

Inda kogi ya zo ya zuba cikin teku, ruwan daɗi da ruwan gishiri sukan gauraya. Irin wannan wuri muke kira mahaɗa. Mafi girman mahaɗa a ƙasar Amurka ita ce ta Cesafik, a jihohin Meriland da Bajiniya, mai tsawon kusan kilomita 320. Kogin Saskwahana ke kawo kusan rabin ruwan daɗin da ke shiga cikinta. Saboda haka arewacinta ba shi da gishiri sosai, amma gishiri yana ƙaruwa in an nufi kudu, bakin Tekun Atilantika. Ku riƙe wannan bambanci, domin a kansa dukan rayuwar ƙaguwar ta rataya.

Siffarta da abincinta

Ƙafafunta goma ne. Biyu na gaba kamar awartakin maƙeri suke, da su take kama abinci da kāre kanta. Shida na tafiya ne. Biyun baya kuwa faifai suke kamar filafilin kwalekwale, su ne ke sa ta iya iyo. Faɗin ɓawonta yakan kai santimita 23. Ana gane mace da jan da ke bakin awartakinta, da kuma faffaɗan murfin da ke ƙarƙashin cikinta. Na namiji siriri ne.

Ba ta zaɓen abinci. Tana cin kumba, da dodon koɗi, da tsutsa, da mataccen kifi, da ciyawar ruwa, har da ƙananan 'yan'uwanta. Ita ma manyan kifaye da zalɓe da kififiyar teku suna cinta. Aikinta yana da amfani ga wurin: in ƙaguwa ta yi ƙaranci, dodon koɗi yakan yi yawa ya lalata ciyayin fadamun da ke riƙe gaɓa.

Yadda take girma

Ɓawon ƙaguwa ba ya miƙewa, don haka dole ta yi saɓa kamar maciji kafin ta ƙara girma. Tsohon ɓawo yakan tsage ta baya, ta zare jikinta, sa'an nan ta zuƙi ruwa ta kumbura kafin sabon ya yi tauri cikin 'yan kwanaki. A wannan lokaci ba ta da makami, sai ta ɓuya cikin ciyawar ƙarƙashin ruwa. In ƙafa ta tsinke, wata takan tsiro a saɓa ta gaba. Da sanyi, idan ruwa ya sauka ƙasa da digiri 10 a ma'aunin Salshiyas, takan binne kanta cikin laka ta daina girma har zafi ya dawo. Yawanci ba ta wuce shekara uku a duniya.

Haihuwa da doguwar tafiya

Maza sun fi son ruwa mai ƙarancin gishiri, can kuma ake barbara. Mace sau ɗaya take barbara a rayuwarta, a lokacin saɓarta ta ƙarshe. Namiji yakan rungume ta a ƙarƙashinsa kwanaki kafin saɓar, ya ci gaba da tsaronta har ɓawonta ya yi ƙarfi. Daga nan sai ta adana irin namijin a jikinta, ta kama hanyar kudu zuwa bakin teku, domin 'ya'yanta ba sa rayuwa sai a ruwa mai gishiri sosai.

Ƙwan yakan taru a ƙarƙashin cikinta kamar soso, kimanin miliyan 2 a ɗauka ɗaya. Da fari launin lemo ne, bayan mako biyu ya yi baƙi ya ƙyanƙyashe. 'Ya'yan ba su kai kan allura ba, ba su ma yi kama da ƙaguwa ba. Ruwa yakan kwashe su zuwa teku, su yi wata guda ko fiye suna saɓa, sa'an nan iska da cikowar teku su mayar da su mahaɗa. Kaɗan ƙwarai ke tsira. Waɗanda suka tsira sukan balaga cikin wata 12 zuwa 18.

Haɗarin da take ciki

Abu na fari shi ne ƙazantar ruwa. Takin zamani daga gonaki da ruwan kwata daga birane suna sa gansakuka ta yi yawa. Gansakuka tana tare hasken rana, sai ciyawar da ƙananan ƙaguwa ke ɓuya ciki ta mutu. In ita ma ta mutu ta ruɓe, takan cinye iskar oksijin ta ƙasan ruwa, dabbobi su gudu ko su hallaka.

Na biyu shi ne kamu fiye da kima. Tun 1990 masana na jihohin biyu suke ƙidayar ƙaguwa kowane lokacin sanyi a wurare 1,500. A 2008 adadin ya faɗi har gwamnatin Amurka ta ayyana sana'ar a matsayin wadda bala'i ya shafa. Aka rage kamun mata da kusan kashi ɗaya cikin uku, Bajiniya kuma ta hana tono su daga laka da sanyi. Cikin shekara biyu adadin ya farfaɗo. Amma a 2022 ya sake faɗuwa zuwa miliyan 227, mafi ƙanƙanta tun da aka fara ƙidayar. Ashe rage kamu kaɗai bai isa ba in ruwa bai gyaru ba.

A Bahar Rum kuwa damuwar dabam ce. Ƙaguwar baƙuwa ce a can, ana kyautata zaton jiragen ruwa ne suka kai ta. A 2023 ta yi yawa a bakin Kogin Po na Italiya, ta cinye kumbar da masunta ke kiwo.

Abin koyo

Mai kama mace mai ƙwai daidai yake da manomin da ya dafa irin shukarsa: ya ƙoshi yau, baɗi ba girbi. Littafin Farawa ya koya mana cewa Allah ya sa mutum a gona domin ya noma ta, ya kuma kiyaye ta. Abin da manomi ya zuba a gonarsa a tudu yana iya kashe abincin masunci da bai taɓa gani ba, domin ruwa ɗaya ne ya haɗa su.

Tambayoyi

1. Me ya sa mace take tafiya bakin teku kafin ta ƙyanƙyashe ƙwai?
2. Ta yaya takin zamani ke cutar da ƙaguwa?
3. Don me aka rage kamun mata a 2008, ba na maza ba?